Saurar Hayin Mayo

Kwas ɗin da aka ɗora mini a sashenmu na labarin ƙasa da tsara filaye, babu malamin da ke sonsa. Abokan aikina suna fita daji da ɗalibai, da tef ɗin awo da na'urar gano wuri, su dawo da ƙarangiya a wando suna ba da labari. Ni kuwa nawa na zaman aji ne: in koya wa ɗalibi yadda zai karanta takardar hukuma, ko dokar filaye, ko hirar da aka yi da mutanen gari, ya fitar da abin da ke ciki a tsare. Ɗalibai sun raɗa masa suna kwas ɗin tela, saboda da almakashi muke aiki. Ban ji haushin sunan ba, don ubana tela ne. Daga ƙasar Katsina fatauci ya kawo kakana Mubi, a nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni, kuma a cikinmu ukun babu wanda ya taɓa riƙe fartanya don ya ci.

Aikin ba shi da wuyar bayani. A ɗauki rubutu a yi kwafinsa biyu, a yanka shi jimla-jimla, a sa wa kowace lamba a bayanta. A tanadi ambulan da yawa, kowanne da kan maganar da aka rubuta a jikinsa, sai a riƙa jefa kowace jimla inda ta dace. Mutum biyu ke yi, kowa a kusurwarsa, ba mai leƙen na wani, in sun gama a gwada. In rabonsu ya zo ɗaya a yawancin jimlolin, sai mu ce aikin ya tsayu. Daga nan a duba wace magana ce ta fi yawa, wace ce ba a ambata ba sam, wa takarda ta ce zai yi, wa ta ce za a yi wa. Nakan gaya musu hujja ɗaya ba ta ɗaukar tukunya, sai an kafa duwatsun murhu uku: abin da takarda ta ce, abin da mutane suka ce, da abin da taswira ta nuna. A wasu wuraren da kwamfuta ake yi. Mu wutar ba ta zama, shi ya sa muka tsaya ga almakashi. Ina son wannan aiki har raina, kuma har yau ban ce na banza ba ne.

Akwai wani hali nawa da gara in faɗa da bakina. Ina taƙama da Hausata. A Mubi kowa na jin Hausa, amma yawanci a kan wani harshe suka ɗora ta, Fillanci ko Gude ko Kamwe. A kasuwa mace "ya zo", mota "ya lalace", riga "nawa ne". Ba wanda ya damu, ciniki yana faɗawa, aure yana ɗauruwa. Ni kaɗai na naɗa kaina ɗan dokar nahawu. In ɗalibi ya ce mini "takarda na ya ɓata", sai in tambaye shi yaushe takardar ta tsiro gemu. Aji ya yi dariya, ni kuma in ji daɗi. Matata ta sha ce mini wannan ba koyarwa ba ce, nuna isa ne, ni kuwa nakan ce ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Lokacin da masu bindiga suka shigo gari mun gudu kamar kowa, da ƙafa, ta bayan duwatsu, yara a kafaɗa. Ba wannan labarin nake son bayarwa ba, kowane gida a Mubi yana da irinsa, wasu ma nasu ya fi nawa muni. Da muka dawo na tarar an ɓalle ƙofar ofishina, littattafai a ƙasa, ambulan ɗin ɗalibai na shekaru sun watse awaki sun yi kashi a kai. Ajin da a da sai an ƙaro benci, yanzu kowa na iya miƙe ƙafa. An hana hawa babur, don haka wanda ke zuwa daga ƙauye sai ya jira keke mai ƙafa uku ya cika, ko ya tako.

Cikin waɗanda suka dawo akwai wani magidanci da muke kira Hedimasta, don shi ne shugaban wata firamare a wani ƙauye wajen Sahuda. Mutumin Gude ne, ya girme ni da shekaru, ya zo neman digiri ne kafin ya yi ritaya. Kullum a benci na gaba yake zama, da riga ɗaya mai ruwan toka wadda guga ta cinye wuyanta. Ba shi da saurin fahimta, amma in ya kama abu ba ya saki. Shi ne ɗalibin da na fi yi wa tsiyar nahawu, don shi ne ba ya fushi. Sai dai ya ce, "Malam, Hausa na ku ne, mu aro muka yi."

Ana haka sai wani ofishi mai kula da filaye ya aiko wa sashenmu da buƙata. Akwai mutanen da suka gudo daga garuruwan arewa da mu, waɗanda garinsu bai zaunu ba tukuna, suna rakuɓe a gidajen 'yan'uwa da kangaye. Ana son a yanka musu fulotai a gefen gari. Kafin a yi, ana son a ji daga bakin manoman ƙauyukan da ke kewaye, wace ƙasa ake amfani da ita, wace ce ta rage. Shugaban sashe ya miƙo mini, ya ce ga ranar almakashinka ta zo. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Shekaru ina koyar da yara da tsofaffin takardun da ba su shafi kowa ba, yau ga aiki mai rai, kuma na taimakon bayin Allah.

Washegari Hedimasta ya same ni a ofis. Ya daɗe a tsaye sai da na ce ya zauna.

"Malam, ƙauyen mu yana cikin wanda za a je," in ji shi. "Gonan baba na yana wurin, a hayin mayo. Shi ne abin da yake da shi, shi da ƙanne na da yaran su. Ka sa ni cikin masu tambaya. Tsofaffi ba su ji Hausa sosai, ni zan yi musu da yare."

Mayo shi ne rafi a bakin mutanen nan. Na san wurin da yake nufi, na taɓa wucewa.

Na ce masa, "Hedimasta, kai da kanka ka rubuta a jarrabawa cewa mai bincike ba ya zama alƙali a shari'ar gidansu. In na tura ka, gobe wani zai ce ka sa wa tsohonka magana a baki. Kai ka je wajen Maiha, wasu su je naku."

"Tsoro nake ji kar gonan ya tafi."

"Ba inda za ta tafi. Abin da babanka ya faɗa shi za a rubuta, ba ƙari ba ragi. Ai amfanin hanyar ke nan."

Ya yi godiya ya fita. Na bi shi da kallo ina jin na yi abin da littafi ya ce.

Ɗalibai biyu na tura ƙauyensu, mace da namiji, duka tashin cikin gari, 'ya'yan 'yan kasuwa kamar ni. Da Hausa suka yi hirarrakin, suka dawo suka kwafe su da hannu kalma-kalma yadda na koya musu, aka cire sunaye aka sa lambobi. Muka yanka. Na rubuta kan magana a ambulan da kaina: ƙasar noma, ƙasar kiwo, ƙasar da ta rage, ruwa, tsoro da tsaro, shirin komawa gida. Mako biyu aji ya zama shagon ɗinki, ƙasa duk guntayen takarda, ana rufe taga kada iska ta kwashe mana hujja.

Ranar gwadawa, al'adata ita ce a zazzage kowane ambulan a karanta jimlolinsa a gaban aji. Muka zo kan ambulan ɗin ƙasar da ta rage. Ɗalibar da ke karantawa ta ɗauko wata 'yar takarda ta karanta: "Na hayin mayo kuma sauran mu ne, ba mu noma shi yanzu." Masu rabo biyu duk a nan suka jefa ta. Na ce a wuce.

Hedimasta ya ɗaga hannu. Bai ga lamba ba, amma ya san bakin ubansa.

"Malam, saura fa ya ce."

"I, saura. Abin da ya rage musu, ba sa nomawa. Me ya fi wannan fitowa fili?"

"A'a, Malam. Saura, gona da aka bari yana hutawa. Haka muke yi. Mu noma na wannan gefe, na hayi ya huta, in na nan ya gaji mu tsallaka."

Ba wai ban san kalmar ba. Da ban sani ba, da da sauƙi. Hausa tana da kalmomi biyu da ake rubutawa iri ɗaya. Akwai saura, ragowar abu, namiji ne, shi ya sa ake cewa sauran tuwo. Akwai kuma saura, gonar da aka huta wa noma wasu shekaru don ƙarfinta ya dawo, ita mace ce, saurar wane. A baki muryarsu ta bambanta, a takarda kuwa babu mai raba su sai harafi ɗaya a ƙarshe. Na san wannan tun ina sakandare, daga littafi na san shi, ban taɓa tsayawa a cikin saura ba. Sai na tashi na je allo na rubuta su biyun da manyan baƙaƙe, na ja layi a ƙarƙashi.

Na ce, "Da gona mai hutawa yake nufi, da cewa zai yi saurarmu ce. Sauranmu ne ya ce. Ga shi a rubuce."

Hedimasta ya dubi allon, ya dube ni. Ya ce, "Malam, baba na ko matan sa 'ya zo' yake ce masa. Ina zai samu 'ce'?"

Aji ya fashe da dariya, kuma wannan karon ba ni na ba da dariyar ba, da ni ake yi. Abin ya sosa mini rai fiye da yadda ya kamata. Gaskiya ce ya faɗa, gaskiyar da ni na fi kowa sani, ni da na shekara ina yi musu ba'a a kanta. Amma a gaban ɗalibai, da alli a hannuna, sai na ga ja da baya ya yi mini nauyi. Na ce mu rubutu muke nazari, ba abin da ke cikin zuciyar mutum ba. Na ce masu rabo biyu da ba su ga aikin juna ba sun yi daidai, wanda ya saɓa kuwa shi ne mai gona a wurin. Na ciro hoton tauraron ɗan adam da ofishin ya ba mu, na nuna hayin rafin, ciyawa ce da ƙananan itatuwa, babu kunyar noma ko ɗaya. Na ce tsohuwar taswirar filaye ma ba ta sa sunan kowa a wurin ba. Na ƙirga masa da yatsu, takarda, baki, taswira.

"Ciyawa ai shi ne hutun," in ji shi, a hankali.

Na ce lokaci ya ƙure, a ɗauko ambulan na gaba. Da Hedimasta ya kawo aikinsa na ƙarshen zango, ya sake rubuta maganar a shafi guda cur. Na ja jan biro a gefe na rubuta masa cewa son rai ya shiga, na rage masa maki. Mai ɗaki ya nuna mini inda yake masa yoyo, na ce ba a haka ake gane yoyo ba.

Rahoton da Turanci na rubuta shi, kuma a Turanci babu sauran shakka, don kalmar da na zaɓa ragowa kawai take nufi. Na sa jimlar tsohon a cikin akwati a tsakiyar shafi, misalin yadda manoma da kansu suka yarda akwai ƙasar da ba sa buƙata. Shafin ya yi kyau. An yaba mana, shugaban sashe ya karanta wasiƙar yabon a taron malamai, na sunkuyar da kai irin na mai kunya alhali cikina fari ƙal.

Bayan wasu watanni Hedimasta ya daina zuwa aji. Na ɗauka wahalar hanya ce. Sai wata ranar Talata da hantsi ya shigo ofishina, bai zauna ba, bai kuma tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce safiyo ya zo, an kafa duwatsun siminti a hayin mayo tun daga bakin ruwa har gindin dutse. Ya ce ba rigima ya zo yi ba, abu ɗaya yake roƙo, in ba shi ambulan ɗin ya haɗa maganar ubansa yadda ta fito.

Lambar da ke bayan kowace jimla an yi ta ne domin haka, don a iya mayar da magana mazauninta a karanta ta tare da maƙwabtanta. Ni ke koyar da wannan a mako na uku na kowane zango. Ban taɓa yi ba ko sau ɗaya, don kullum akwai gaggawa. Muka zazzage ambulan shida a kan tebur muka shiga tsintar lambar tsohon, muna jerawa muna mannawa da salatif a kan farar takarda. Jimlar da ke bin ta hayin mayo ba ta cikin ambulan ɗin ƙasa ko ɗaya. A cikin na shirin komawa gida muka same ta, tsakanin maganganun 'yan gudun hijira masu kewar garinsu. Cewa ta yi: "Shekara huɗu ke nan, in Allah ya kai mu baɗi za mu koma." Masu rabo sun ga "za mu koma", sun ga shekaru, suka ɗauka wani ne ke maganar gida. Su biyun duka, kowa a kusurwarsa.

Na manna ta a ƙarƙashin 'yar'uwarta na karanta su tare. Yaron firamare ma zai gane abin da tsohon yake faɗi. Almakashina ne ya shiga tsakaninsu. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kunyar da ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye hannunsa. Hedimasta bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa, da na samu abin da zan yi fushi da shi in huta.

A ranar na rubuta takardar gyara, na haɗa da shafin da muka manna, na kai ofishin da ƙafata. Jami'in da ke riƙe da fayil ɗin tsohon ɗalibina ne. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika a kawo mini ruwan sanyi, ya karanta takardar har ƙarshe, ya sake karantawa.

"Malam, na gane," in ji shi. "Amma rahotonku ya shiga takardar tsari, takardar tsari ta shiga takardar amincewa, an sa hannu a sama. Yanzu takardu uku ne suke faɗin abu ɗaya. Wannan naka guda ɗaya ne, kuma da salatif."

"Ai ukun duka daga bakina suka fito. Ni na yi kuskuren, ni ne kuma nake janyewa."

"Haka ne, Malam. Zan sa a fayil. Amma an riga an raba wa mutane, wasu sun fara zuba bulo. Kuma ka san mu abin da ke rubuce muke bi, kai ka koya mana."

Ba da gatse ya faɗa ba, da ladabi ya faɗa, yana ganin yabona yake yi. Na koma sau uku bayan wannan. Na rubuta wa na sama da shi, na samu wani dattijo mai faɗa a ji ya yi magana. Kowa ya tausaya, kowa ya ce bakin alƙalami ya bushe. Takardata tana cikin fayil, na ga inda aka huda ta aka ɗaure da zare.

Da damina ta kusa na ce wa Hedimasta ya kai ni wurin ubansa. Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa inda hanya ta ƙare, muka taka sauran. Ta hayin mayo muka bi. An sare itatuwan, an ƙone ciyawar, ƙasar ta fito baƙa wuluk mai taushi, har ni da ban san noma ba na ga ba irin ta gefen hanya ba ce. A kanta ake jera bulo. Wata mata tana yayyafa wa bulonta ruwa da gwangwani, da goyo a bayanta, ta gaishe mu da fara'a. Ta ce daga wajen Madagali suke, mijinta bai samu kuɓuta ba, shekara biyu tana kwana a zauren mutane. Ta ce Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu aka ba su wurin nan. Hedimasta ya amsa mata da amin. Na so a ce akwai wani mugu a cikin lamarin da zan nuna da yatsa, na duba ban ga kowa ba sai ni.

Muka tsallaka rafin, ruwan bai kai idon sawu ba. Gonar wannan gefen ita ce suka shekara huɗu suna ci. Ƙasarta ta yi fari ta yi tauri, Hedimasta ya ce bara ciyawar ƙuduji ta cinye rabin dawar, kuma takin buhu ya yi wuyar samu tunda aka ce ana haɗa abin fashewa da shi. Bana ce shekarar da za a bar ta ta kwanta a tsallaka. Yanzu ita za a sake nomawa, da baɗi, da baɗin baɗaɗa, har ta daina ba da komai. Ƙannen Hedimasta biyu sun riga sun fara maganar tafiya Yola neman aikin gini.

Tsohon yana zaune a gindin wata tsamiya a ƙofar gida, yana gyara ƙotar fartanya da wuƙa. Ƙaramin mutum ne, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa aka shimfiɗa mini buhu, aka kawo ruwa a ƙwarya. Hedimasta ya yi masa bayani da yarensu, doguwar magana, na ji kalmar saura ta fito a ciki sau da yawa. Na shirya abin da zan faɗa tun a hanya, amma da ya juyo da ido ɗayan gare ni sai kawai na ce, "Baba, laifina ne. Ka yafe mini."

Ya ajiye wuƙar ya ce, "Malam, yaro na ya ce magana na ne bai fita daidai ba."

"A'a, Baba, maganarka daidai take. Ni ne ban ji ba."

"Ya ce akwai yadda ake faɗi a Hausa na makaranta. Yaya ne?"

Na dubi Hedimasta, ya kawar da kai. Ba ni da mafita, na ce, "Saurarmu ce."

"Sauran mu ce."

"Saurarmu, Baba. Amma ba kome, wannan ba shi ne..."

Ya ɗaga mini hannu in dakata. Ya gwada a hankali, yana tauna kalmar da 'yan haƙoran da suka rage masa. Karo na farko ta kuɓuce masa, na biyu ma haka. A na uku ya faɗe ta tsaf, da murya da komai, yadda kakana zai faɗa a Katsina.

"Saurarmu ce. Na hayin mayo saurarmu ce. Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"To, yanzu na faɗa daidai," in ji shi. "Rubuta ka kai musu. Ka ce su yi sauri, ruwa ya kusa."

Ya zuba mini ido yana jira. Na laluba aljihu na ciro biro da 'yar takarda, na ɗora a gwiwata na rubuta, don ban iya buɗe baki in gaya masa babu wurin da zan kai ba.